Ɗibar Wuta

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gobir tun ashana tana da daraja ya san ɗibar wuta. Da sassafe, ko da la'asar sakaliya in za a ɗora tuwon dare, sai inna ta tona murhu ta tarar toka ta yi sanyi, ta miƙo maka kasko ta ce, "Ruga gidan su wance ka ɗebo muna wuta." To, ba a faɗa wa murhun mutane kamar akuya. Sai ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida matar gida, ta tambaye ka yadda innarka ta kwana da ciwon ƙafa, ta haɗa ka da saƙon gishiri ko daddawa, sannan ta zuba maka garwashi biyu ko uku, ta ɗora ɗan busasshen kashin shanu a kai don kada ta mutu a hanya. Ka fito kana hurawa, kana kare ta da tafin hannu saboda iska.

A lokacin ban ga komai cikin wannan aike ba sai wahala. Sai da na girma na gane ashe hukuma ce mai zaman kanta. Gidan da kuke gaba da shi ba ka iya shiga ɗibar wuta, ita kuwa wuta ba ta da alkawari, ran da ta ga dama take mutuwa. Don haka gabar maƙwabta ba ta cika yin tsawon rai ba. Ko an yi cacar baki a bakin rijiya da safe, kafin magariba yunwar yara ta yanke hukunci, an tura yaro da kasko, an amsa masa sallama, magana ta wuce.

Yau kowa da wutarsa a aljihu, kuma ba ashana nake nufi ba. Kafin mutum ya wanke ido ya riga ya ɗebo garwashi daga Abuja, ya ɗebo daga Legas, wani ma daga Amurka ko Faransa aka aiko masa, babu sallama, babu gaisuwa, babu wanda ya tambayi ciwon ƙafar innarsa. Wannan wuta kuma ba tuwo ake dafawa da ita ba. Kan zuciya ake ɗora ta, a wuni ana izawa.

Akwai wani teburin mai shayi da nake zama a Sabon Birni in na je gida. Mutum biyu na sani a wurin, ɗan mace da ɗan namiji, taubasai na haƙiƙa, waɗanda da can in suka haɗu sai kowa ya aje kofinsa ya sha dariya, don ba irin tsiyar da ba su yi wa juna. Ɗaya ɗan tsintsiya ne, wato APC, ɗaya ɗan lema, wato PDP. Tun zaɓen 2023 suka raba benci. Wannan ya zo da hantsi, wancan ya jira sai ya tashi. Na tambayi mai shayin abin da ya haɗa su, ko gona ce, ko bashi, ko maganar aure. Ya ci gaba da sheƙa shayinsa daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Malam, wanga faɗa ba nan anka dafa shi ba. Dafaffe anka kawo muna shi cikin waya."

Ya fi malaman jami'a da yawa gane lamarin. Bari in ɗan buɗe tukunyar da aka dafa faɗan.

Ka san masu wasa da kura ko maciji da ke zagaya kasuwanni. Gardi ya saki ganga, ya jawo kura da sarƙa, ya yi kamar za ta ƙwace, mata su yi ihu, yara su haye katanga, kafin ka ce kwabo an yi da'ira. Shi kuwa ba kurar ya zo sayarwa ba. Sai taro ya cika ya batse, sannan ya kwance jaka ya fito da ƙullin magani da layu. Facebook da TikTok da 'yan'uwansu haka suke, sai dai da'irarsu ta kewaye duniya. Ba ka biya su ko sisi don ka shiga kallo, kuɗin datarka kamfanin layi ne ya ci. Su ribarsu tana wurin masu talla, waɗanda ke biya gwargwadon yawan idon da ya tsaya da kuma daɗewar da ya yi a tsaye. To me ke tsayar da mutum a kasuwa? Wa'azin zaman lafiya yana tara mutum goma, rabinsu suna gyangyaɗi. Amma bari mata biyu su kama kokawa a layin 'yan tumatir, ka ga mai nama ya bar nama, mai awo ya bar mudu.

A cikin kowace waya akwai wani dillali da ba ya barci, masana suna ce masa algoridim. Kamar yaron mai tsire ne mai wayon tsiya, wanda ya lura jiya ka lashe yaji ka bar albasa, yau sai ya ƙara maka yaji, gobe ya ƙara, har ranar da za ka ci yaji zalla kana hawaye kana cewa a ƙaro. Ba ya ƙin ka, ba ya son ka, bai san ma ko kai Bagobiri ne ko Bature ba. Abin da ya sani kawai, wane hoto ne ya tsayar da babban yatsanka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, aka ga cewa tun 2017 sun riƙa ba 'yan fuskokin nan da ake dannawa, har da jar fuskar nan ta fushi, maki biyar, alhali ɗan yatsan "na so" maki ɗaya ne. Daga baya sun rage, amma ka auna abin da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. A ce sarkin kasuwa ya yi shela cewa daga yau mudun ƙaiƙayi ya ninka mudun gero kuɗi sau biyar. Wa zai ƙara wahalar sheƙe hatsi? Kowa ƙaiƙayi zai loda wa jakinsa. Haka 'yan soshiyal midiya suka gane abin da ke ciniki, suka koma noman zagi.

Wannan dillali yana da wata ɗabi'a kuma ta rijiya. Yaro ya leƙa rijiya mai zurfi ya ce "kai!", ta ce masa "kai!", sai ya ruga gida yana cewa akwai mutum a ciki. Ɗan tsintsiya ya buɗe wayarsa, duk wanda ya gani ɗan tsintsiya ne, duk labarin da ya zo masa na cewa 'yan lema sun lalace. Taubashinsa yana can ƙarshen benci, tasa rijiyar tana mayar masa da tasa muryar. Kowannensu ya rantse duniya duka tana bayansa, sai wannan mahaukacin guda ɗaya da ya ƙi ganin gaskiya.

Da can labari lokacin cin abinci gare shi. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Rediyon Kaduna, ga Rima a Sakkwato. Da asuba a ji, da rana a ji, da dare a ji, a rufe akwati a koma gona. Tsofaffi su zauna gindin bedi da rediyo guda, a saurara tare, a yi gardama tare, in an kira salla a tashi tare. Ba na cewa rediyo ba ta taɓa ƙarya ko son kai ba, ai a Ruwanda a 1994 da rediyo aka yi ta zuga mutane su kashe maƙwabtansu. Amma galibi akwai mai girki a bayan tukunyar, edita, wanda ke ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙi, in ta yi tsami kuma an san gidan da za a je a yi ƙorafi. Labarin waya kuwa kamar soyayyar gyaɗa ne a aljihu, ana tafe ana watsawa a baki, ba a ƙoshi, ba a kuma san hannun da ya soya ba.

Wani abin ma ɗumame ne. Hoton gawarwakin wata ƙasa na shekara biyar da suka wuce, a yayyafa masa ruwa, a ɗora a wuta, a rubuta sunan ƙauyenku a ƙasa. An yi haka a Filato a 2018, inda hotunan da ba na wurin ba suka yi ta yawo a Facebook ana cikin rikici, suka ƙara wa wutar mai. Wani kuma aikin tela ne: malami ya yi karatun awa guda, a sa almakashi a yanko daƙiƙa talatin, a jefar da "idan" da "amma", a ɗinka masa rigar da bai taɓa sawa ba. Yanzu har an samu na'ura mai halin aku, wadda za ta saurari muryar mutum ta kwaikwaye ta, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, da tarinsa da gyaran muryarsa. Mu kuma sai mu zama jakan fatake. Jaki bai taɓa tambayar abin da ke cikin mangala ba, gishiri ne ko garin bindiga, shi dai a ɗora masa ya kai gaba. Da abin ya ishi masu WhatsApp, a 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Sun rage wa jaki kaya ke nan, ba su koya masa tambaya ba.

Kada mai karatu ya ce na ɗora wa waya laifin duniya. Mun ɗanɗana rashinta. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, da Isa da Sabon Birni a ciki, don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Na ga dattijo mai furfura yana hawa tudu, yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata, ko Allah zai sa ya kamo sabis ɗin Nijar ya ji ɗiyarsa ta sauka lafiya. Zagin siyasa ya yi sauƙi a watannin, gaskiya ne, amma wanda ya hango babura sun nufo ƙauye ba shi da hanyar cewa a gudu. Cikin wannan shirun ne aka faɗa wa kasuwar Goronyo a watan Oktoba, aka kashe mutum sama da 40. Wuta dai wuta ce, ita ke dafa tuwo, ita ke cin rumbu.

Mu dawo kan tsintsiya da lema. Ni ban taɓa ganin gidan da ya ce tunda yana da tsintsiya ba ya bukatar lema ba, ko matar da ta share tsakar gida da lema. Amma bar wannan, dubi masu riƙe da su a sama. Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Aliyu Magatakarda Wamakko yana mataimakinsa. Suka ɓata, Wamakko ya bi PDP ya gaje kujerar, Bafarawa ya nemi shugaban ƙasa a DPP. Aka zo aka haɗa APC, suka tsinci kansu a inuwa guda na ɗan lokaci, sai Bafarawa ya fice ya koma PDP ɗin da Wamakko ya baro. Aminu Waziri Tambuwal ya hau a APC a 2015, Ahmed Aliyu yana mataimakinsa, a 2018 ya sauya sheƙa zuwa PDP, mataimakin ya tsaya inda yake, suka kara a 2019, shi kuma Ahmed Aliyu ya samu tasa a 2023. Ban kawo wannan don in zargi kowa ba, siyasa ta gaji haka. Jam'iyya a wurinsu kamar motar haya ce a tasha: wadda ta cika ta kama hanya ita ake shiga, in ta lalace a daji a sauko da jaka a tari wata. Sai mu 'yan rakiya, da ba mu da ko kujerar zaman kwandasta, mu ne muke fasa wa juna kai a kan fentin mota. Su kuwa in ɗiyar ɗaya za ta yi aure, za ka gan su sahu guda, babbar riga na gugar babbar riga.

Zaɓen 2019 ɗin nan ya isa darasi. Ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu, a jihar da kowannensu ya samu sama da rabin miliyan. Mutum 342, ai ba su fi 'yan ɗaurin aure guda na gidan mai hali ba. Jiha ta rabu biyu kamar goro. Ma'anarsa, in ka shiga kasuwa, duk mutum biyu da ka gani ɗaya ba naka ya zaɓa ba: mai yi maka aski, mai ɗinka maka taya, ungozomar da ta yanke wa ɗanka cibi, watakila har limamin da kake bi. In ka ce duk wanda bai bi ka ba maƙiyi ne, to ka shirya yin aski da hannunka. Goro kuwa ko an ɓare shi, in ka mayar da ɓari kan ɓari sai ka ga sun zauna daram, don tare suka girma cikin ɓawo guda.

Abin da ya sa wannan rabuwa take ba ni haushi a ƙasarmu fiye da ko'ina, mu ba mu da rarar da za mu yi ɓarna da ita. Mai rumbu cike shi ke wasa da hatsi. Mu muna cikin ƙasar da manomi ke biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya shiga gonar ubansa. A watan Mayun 2020 aka afka wa Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Sabon Birni, aka kashe mutum fiye da 60 a yini guda. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya a wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duk mun gan shi a wayoyinmu a ɗaure yana neman agaji. Babu inda aka ce a fito da katin jam'iyya kafin a harba. Amma tun ba a tashi daga zaman makoki ba, na ga yaranmu a waya sun mai da mutuwar ƙwallo, wannan ya buga wa jam'iyyar wancan, wancan ya bugo. Sai na tuna kaji biyu da mahauci ya ɗaure wa ƙafa ya rataya a keke, kai a ƙasa, suna tafe suna saran juna.

Ba cewa nake a yi shiru ba. Wanda ya ce kada a tambayi gwamna ko ɗan majalisa ina tsaro, ina hanya, ina likita, wai don a zauna lafiya, wannan rufe miki yake da tsumma. Hukuma a tambaye ta, da ƙarfi ma, ko ta wace jam'iyya ce. Sai dai murya ɗaya-ɗaya kamar ɗigon ruwa ce a kan yashin rani. In mutanen Isa da na Sabon Birni suka je da baki guda, dole a saurara, in kuwa suka je rabi na cewa a gyara, rabi na cewa ƙarya ne ba abin da ya lalace tunda namu ne a sama, sun sauƙaƙa wa mai kujera aiki.

Akwai tsagar da ta fi ta jam'iyya zurfi, kowa ya san ta, ana dai kewaye ta kamar kududdufi. Ita ce ta Bahaushe da Bafillace. A nan ma waya ta samu kasuwa. Kullum akwai mai murya mai zaƙi, galibi yana zaune inda ko ƙarar bindiga bai taɓa ji ba, yana karanta mana tarihi guntu-guntu. Tarihin kuwa namu ne, a ƙofar gidanmu yake. Kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, birnin Gobir da ya faɗi a yaƙin jihadi a 1808. Amma mai yanko labarin yaƙin ba ya faɗa maka cewa kafin nan, wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiya ya roƙi a sassauta wa talakawa haraji a saki fursunoni, Bawa kuma ya amsa masa. Ba ya faɗa maka cewa Sabon Birnin kanta daga saɓanin 'ya'yan gidan sarautar Gobir na Tsibiri ta samo asali, lokacin da Ɗan Halima ya taso ya kafa nasa gari, wato ko tsakanin Bagobiri da Bagobiri harshe da haƙori sun saɓa. Yau ga Sarkin Gobir a Isa, ga Sarkin Gobir a Sabon Birni, ga na Tsibiri a ƙetaren iyaka, an yi auratayya ta shekara ɗari biyu har jini ya cakuɗe. Wanda ya ce zai tace shi, sai ya fara da tsame nono daga cikin fura bayan an dama.

Furar ma ita ce shaida. Gero na manomi, nono na makiyayi, ludayi na mai gyartai, babu wanda ya isa ya sha shi kaɗai. Da kaka shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, Bafillatana ta kawo nono ta koma da hatsi, manomi ya ba makiyayi kiwon ɗan bijiminsa. An ɓata wannan, kuma ɓarnar ta kowane gefe ce: an cinye burtali da mashaya, an sace shanun wanda bai ji ba bai gani ba, 'yan sa-kai sun kashe mutum don kamanninsa, 'yan bindiga sun ƙone gari don fansa, ɗan Adam ya zama abin ciniki. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mutane ɓarawo ne azzalumi, a kira shi da sunansa. Amma Bafillacen da aka kore wa garke, ya dawo bakin gari yana gadin shagon wani, da Bagobirin da aka kora daga gonarsa yana kwana a makarantar firamare, su biyun maciji guda ne ya sare su. Dillalin cikin waya ba zai taɓa haɗa maka hotonsu wuri guda ba, don ba ya tara 'yan kallo.

In kana son ganin inda ƙauna ta rage, bi gulbi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya gaida Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake karyowa ya dawo Najeriya ya zuba cikin Rima a yankinmu. Bai taɓa tsayawa an buga masa hatimi ba. Tun 2019 da abin ya yi tsanani, dubban mutanenmu suka bi wannan hanya suka tsallaka ƙasar Gidan Runji. Kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rumfa, talakawan ƙauyukan can ne suka buɗe zaure, suka raba tabarma, suka ƙara ruwa a kunu. Ba wanda ya ɗauki hotonsu. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, aka fara maganar kai yaƙi, a nan ne na ga abin mamaki: ɗan tsintsiya da ɗan lema, malami da ɗan kasuwa, har sanatocin Arewa, baki ya zo ɗaya cewa ba a kai wa surukai yaƙi. Ashe mun iya. Iyakar ta zauna a rufe har Maris na 2024, amma ko ranar guda zumunci bai rufe ba, ta bayan gari ya riƙa bi a kan babur.

Kakanninmu ma sun bar mana maganin zafin kai, mu ne muka bar shi a rataye. Wasan taubasai nake nufi, da na ƙabila da ƙabila. Bagobiri ya haɗu da Bayarabe a tashar mota, ya ce masa bawana, wancan ya rama da abin da ya fi haka, a yi dariya, a ƙarshe ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin shayi. Haka Fulani da Barebari, haka Kanawa da Zagezagi. Kamar kaciyar maciji ce, an bar saran an cire dafin. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Zagin waya kuwa dafin ne zalla, don ba ka ganin idon wanda kake zagi, ba ka ganin ya yi murmushi ko ya sunkuyar da kai, ba kuma za ku haɗu a wurin jana'iza gobe ka ji kunya ba.

Mu mutanen nan ba mu iya furta kalmar ƙauna ba, nauyi take mana a baki. Bagobiri ba ya ce wa ɗan'uwansa ina ƙaunarka, sai dai ya ba shi aron jaki ranar kasuwa, ko ya aje masa irin gero in nasa ya ƙone, ko ya yi tafiyar yini don ya ce ya jiki. Ƙaunarmu ta gayya ce da adashi da yasar rijiya. Ka tuna yadda ake yasa: rani ya tsananta, guga ya fara kawo laka, sai a ɗaura wa mutum guda igiya a ƙugu a zura shi, majiya ƙarfi su riƙe a sama. Wanda ke ƙasa cikin duhu ba ya tambayar wa mai igiya ya zaɓa. Masu igiya su ma ba su saki don an yi musu jiya, tunda duk ruwan za su sha. Kuma ba a yasa sau ɗaya a ce an gama har abada, kowace shekara laka tana komawa. Masu taron haɗin kai a otal, a ci kaji a ɗauki hoto a watse, sun ɗauka abin biki ne. Aikin laka ne, kuma ba ya ƙarewa.

Da na koma gida bayan sallar layya na tarar da taubasan nan a benci guda. Ba su koma tsiyar da ba tukuna, amma kofunansu suna kusa da juna. Na yi wa mai shayi ido. Ya ce ba malami ya shiga ba, ba hakimi ba. Wutar lantarki ce ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, mai cajin kasuwa ya yi tafiya, a duk layinsu kuwa gidan ɗan lema ne kawai ke da sola. Ɗan tsintsiya ya daure kwana biyu da matacciyar waya, ran na uku ya tura ɗansa da ita. Yaro ya yi sallama ya durƙusa, mai gida ya karɓa ya jona, ya ce, "Ka ce ma babanka, in ta cika shi taho da kainai shi amsa, ban ba yaro." Ashe ɗibar wuta ba ta mutu ba, kasko ne ya canza.

Ga 2027 nan tafe, an fara gyaran ganguna, dillalin cikin waya kuma ya fara ƙara yaji. Mai karatu, in akwai gidan da ƙafarka ta daina shiga tun zaɓen da ya wuce, kada ka jira sai an yi rasuwa. Ɗauki wayarka da cajarka ka tafi, ko da taka wutar ba ta ɗauke ba, kuma kada ka aiki yaro. Waya tana cin awa biyu kafin ta cika, ka zauna a zauren har ta cika.